Kofin da ya zo Dungu: natsuwa ma koyonta ake yi

Duk wanda ya taso daga Kumasi ya nufi Tamale, kafin ya shiga cikin gari sai ya ratsa Dungu. Abin da aka fi sanin unguwar da shi shi ne harabar jami'ar UDS, wadda aka kafa a 1992 domin Arewacin Ghana ma ya samu tasa jami'ar. Shekaru talatin da 'yan kai ana ambatonta wajen yaye likitoci da malaman gona da malaman makaranta. A ƙarshen Satumban 2025 sai ga sunanta ya ɓullo ta ƙofar da ba a zata ba. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗalibanta ta je birnin Dalian na ƙasar Sin, ta ɗauko kofin duniya na jami'o'i wanda hukumar FISU ke shiryawa. Kafin su, babu jami'ar Afirka da ta taɓa ɗaga wannan kofi.

Yadda wasan ƙarshen ya kasance shi ya sa na ɗauki alƙalami. Abokan karawarsu 'yan jami'ar Paulista ne ta Barazil, kuma su ke riƙe da kofin. Tun wasa bai yi nisa ba aka zura wa yaranmu ƙwallo. Wanda ya saba kallon ƙungiyoyinmu ya san abin da yakan biyo bayan irin wannan: ɗan baya ya hau gola da faɗa, gola ya ɗaga hannu yana nuna wani, kyaftin ya bi alƙali da ƙorafi, kowa ya samu ƙwallo sai ya doka ta sama don ya rabu da ita. Kafin a ankara an ƙara ta biyu, wasa ya tashi tun usur bai tashi ba. A Dalian ba a ƙara ta biyun ba. Yaran sun daɗe suna ɗauke da wannan bashi, suka farke, aka shiga ƙarin lokaci, suka samu ta biyu daga bugun kusurwa, aka tashi 2 da 1.

Na ji masu cewa sa'a ce, da masu cewa addu'ar iyaye ce, da masu cewa ai ɗan Arewa dama da zuciyarsa aka haife shi. Addu'a ba ni da ja a kanta, kuma sa'a tana da nata rabo a kowane wasa. Ta ukun ce ban yarda da ita ba, domin tana yi mana ɓarna a ɓoye. Idan muka ɗauka cewa natsuwa a lokacin tsanani halitta ce, wani an ba shi wani an hana shi, to babu kocin da zai ɓata lokaci yana koyar da ita. Ra'ayina shi ne natsuwa sana'a ce daga cikin sana'o'in ɗan wasa, kamar tare ƙwallo da ƙirji ko bugu da ƙafar hagu. Ana koya wa yaro ita, ana maimaita masa har ta zauna, kuma ana iya rusa masa ita da baki.

Babu ƙasar da ta fi Ghana cancantar ta zauna ta yi wannan nazari, domin tarihin ƙwallonmu kusan tarihin bugun fenareti ne. Kofin Afirka na ƙarshe da muka ɗauka, a Libiya a 1982, da fenareti muka ɗauke shi, Abedi Pele yana ɗan shekara 17 a cikin tawagar, yaron da ya fito daga Real Tamale United. A 1992 a Dakar da fenareti Kodebuwa ta doke mu 11 da 10, Abedi yana zaune a gefe saboda katin gargaɗi na biyu da ya karɓa a wasan kusa da na ƙarshe da Najeriya. A 2009 a Alƙahira yaran Sellas Tetteh 'yan ƙasa da shekara 20 suka yi fiye da rabin wasan ƙarshe da mutum goma a gaban Barazil bayan an kori Daniel Addo, suka jure har aka je fenareti, Agyemang-Badu ya zura ta ƙarshe, Afirka ta ɗauki kofin duniya na wannan rukuni karo na farko.

Sai kuma daren 2 ga Yulin 2010 a Johannesburg, a wasan kofin duniya da Yurugai, wanda har yau ba a gama maganarsa a gidajen kallo ba. Kowa ya san labarin: Muntari ya ci, Forlan ya farke, a daƙiƙar ƙarshe ta ƙarin lokaci Luis Suarez ya sa hannu ya tare ƙwallon da ke shiga raga, aka ba shi jan kati, Asamoah Gyan ya ajiye ƙwallo ya buga ta daki ƙarfen sama. Nan mafi yawanmu muke tsayawa da labarin. Ni abin da ya faru bayan 'yan mintuna ya fi ɗaukar hankalina. Da aka zo bugun raba gardama, Gyan ɗin nan shi ya fara fitowa daga ɓangaren Ghana. Ya taka daga tsakiyar fili shi kaɗai, ga filin cike, ga nahiya guda tana kallo, ga abin da ya yi yanzun nan bai ko huce ba. Ya ajiye ƙwallon a wuri guda, a gaban golan nan guda, ya ɗaga ta can saman kusurwa ta shige. Ƙafar ba ta canza ba tsakanin bugu na farko da na biyu, nisan ma mita 11 ne duka biyun. Ghana ta fita da 4 da 2 bayan John Mensah da Dominic Adiyiah sun ɓarar, amma a ganina wannan bugu na biyu yana cikin manyan abubuwan da wani ɗan wasan Ghana ya taɓa yi. Shi ya kamata a riƙa nuna wa yara a makarantun ƙwallo, a ce musu ku dubi mutumin da ya ajiye abin da ya wuce ya fuskanci abin da ke gabansa.

Akasin haka shi muka gani a Bata ranar 8 ga Fabrairun 2015, a wasan ƙarshe na kofin Afirka, da Kodebuwa kuma. Wilfried Bony ya ɓarar, Mubarak Wakaso ɗan Tamale ya ci. Na biyunsu ya ɓarar, Jordan Ayew ya ci. Muna gaba da biyu ba ko ɗaya, kofi ya zo har bakin ƙofa. Sai 'yan wasanmu biyu suka ɓarar a jere. Golansu Boubacar Barry, wanda ya daɗe yana shan zagi a ƙasarsu, ya riƙa jan lokaci, yana kwantawa da ciwon ƙafa, yana barin mai bugu tsaye yana jira da tunaninsa. Daga ƙarshe ya tare bugun golanmu, ya tashi ya buga nasa ya ci, aka tashi 9 da 8. Ba na zargin waɗanda suka ɓarar, don kowa na iya ɓararwa. Abin lura shi ne tsoro ba shi kaɗai ke ɗauke hankali ba. Hango kofi tun ba a ɗauka ba, shi ma yana janye ido daga kan ƙwallo.

Masana sun auna wannan abu da lissafi. Wani malamin jami'a ɗan Norwe mai suna Geir Jordet ya shafe shekaru yana bin hotunan bugun fenareti na manyan gasa ɗaya bayan ɗaya. Ya gano cewa idan bugu ne wanda in an ci ƙungiya ta yi nasara nan take, ana cin kimanin tara cikin goma. Idan kuwa bugu ne wanda in an ɓarar an fita, abin yakan sauko zuwa wajen shida cikin goma. Raga ɗaya ce, ƙwararru ne duka, bambancin yana cikin abin da mai bugu ke gaya wa kansa. Ya kuma lura cewa masu rugawa su buga da zarar sun ji usur, kamar masu son a gama a huta, sun fi ɓararwa a kan waɗanda ke ɗan tsayawa su ja numfashi. A Kanada kuma Joan Vickers ta sa wa 'yan ƙwallon kwando na'urar bin motsin ido, ta ga cewa gwanaye sukan kafe idonsu a wuri guda na ɗan lokaci kafin su jefa, na kasa da su kuwa idonsu yawo yake yi. Abin da ya fi muhimmanci a binciken nata da na waɗanda suka biyo ta shi ne an koya wa mutane wannan tsayar da ido, kuma jifarsu ta gyaru.

Ingila ta daɗe tana cewa fenareti caca ce, tana faɗuwa gasa bayan gasa. Gareth Southgate, wanda shi kansa ya ɓarar da nasa a 1996, da ya zama koci sai ya ƙi wannan magana. Ya sa aka riƙa atisayen bugun bayan 'yan wasa sun gaji, har da takawar nan daga tsakiyar fili, ya kuma shigo da masaniyar halayyar ɗan Adam cikin tawaga. A Rasha a 2018 suka fitar da Kolambiya da fenareti, karo na farko da suka yi nasara ta wannan hanya a kofin duniya. Bayan shekara uku sun sake faɗuwa a hannun Italiya, don atisaye ba ya rufe ƙofar ƙaddara. Amma wanda ya shirya da wanda ya bar wa sa'a ba ɗaya suke shiga fili ba.

To mu a nan yaya muke yi? Ka je kowane filin unguwa tsakanin Dungu da Lamashegu bayan la'asar, lokacin hunturu, ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin turken can sosai. Yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar, wasu da takalmin roba, wasu ƙafa ɗaya da safa ɗaya babu. Koci yana tsaye da usur a wuya, mutum ne mai sadaukarwa, sau da yawa daga aljihunsa yake sayen ƙwallo da ruwan leda. Na tsaya a irin wannan fili na ga an tura wa wani siririn yaro ƙwallo, ta zame ƙarƙashin ƙafarsa, abokan hamayya suka ɗauka suka ci. Kocin ya daka tsawa tun daga bakin layi: "Kai! Ƙafar katako gare ka? In ka sake yi mini haka waje za ka fito!" 'Yan kallo suka kwashe da dariya, wani ya laƙaba masa suna nan take. Na sa ido a kan yaron har aka tashi. Duk lokacin da ƙwallo ta nufo inda yake sai ya ɗan matsa bayan wani, don kada a ba shi. In kuma ta zo dole, kafin ya taɓa ta sai ya saci kallon koci. Rabin hankalinsa yana bakin layi, da sauran rabin yake wasa, ga shi kuma ana mamakin yadda ya lalace.

Kocin nan ba mugu ba ne. Haka aka yi masa, kuma ya yi imani cewa tsawa ce ke sa yaro ya farka. Akwai gaskiya kaɗan a ciki, don yaron da ke wasa da atisaye yana bukatar a ja masa kunne. Amma ja kunne a kan lalaci daban, wulaƙanci a kan kuskure daban. Hankalin ɗan Adam ba ya ɗaukar kaya biyu masu nauyi a lokaci guda. Abin da ƙafa ta riga ta haddace, in tsoro ya sa mutum ya koma yana lissafa shi gaɓa-gaɓa, sai ya rikice. Zuciya ta hau bugawa, numfashi ya gajarce, kafaɗa ta ƙage, ido ya daina ganin abokin da ke tsaye shi kaɗai a gefe. Da kocin ya ce masa, "Ta wuce, ɗana, duba mutuminka," da ya ba hankalin yaron wurin sauka. Gajeren umarni ne a kan abin da za a yi yanzu, ba sharhi a kan abin da ya riga ya faru ba.

Abin da ke ba ni ƙarfin guiwa shi ne wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa zama a wajen musabaƙar Alƙur'ani ya ga yaro ɗan shekara goma sha biyu a gaban alƙalai da taron jama'a, lasifika a bakinsa. Ya yi tuntuɓe, aka buga masa ƙararrawa. Yaron da ya samu malami nagari ba ya firgita. Yakan yi shiru kaɗan, ya ja numfashi, ya koma baya ya ɗauko daga inda ya tabbata, ya wuce. Ba a ranar ya koyi haka ba. An sa shi ya yi ta karatu a cikin hayaniyar tsangaya, an sha tsayar da shi a gaban 'yan'uwansa, an koya masa abin da zai yi in ya kakare. Malaman allo sun san cewa hadda daban, iya kawo ta a gaban jama'a daban, kuma kowanne da nasa horo. Masu horar da 'yan ƙwallonmu na farkon kawai suke yi. Ana koyar da bugu, ba a koyar da abin da za a yi a daƙiƙa goman da ke bin kuskure.

Kuma ba abu ne mai cin kuɗi ba. Yaro ya saba da tsari guda da yake bi kafin kowane bugun tsaye: ya ajiye ƙwallo da hannunsa, ya ja da baya taku iri ɗaya kullum, ya fitar da numfashi a hankali, don fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya, ya zaɓi wuri tun kafin ya taso kuma kada ya canza. A yi atisayen fenareti a ƙarshe, lokacin da ƙafa ta yi nauyi, sauran yara suna ihu a bayan raga da gangan, kuma a sa wani abu a kai, ko da ɗaukar turaku ne zuwa gida. A riƙa fara wasan atisaye da cewa ɓangare ɗaya an riga an ci su ɗaya, saura minti goma, a ga wanda zai rikice da wanda zai tattara 'yan'uwansa. Ƙungiyar da ta saba zama a baya ranar Talata ba za ta ga baƙon abu ba in hakan ta same ta ranar Lahadi. Mutanen Najeriya suna da shaidar irin wannan juriya a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, lokacin da Barazil ke gaba da 3 da 1, aka farke, Nwankwo Kanu ya karɓi ƙwallo a cikin cunkoso a minti na ƙarshe ya ɗaga ta ya juya ya zura, sannan ya ƙara ta zinare. Mai gaggawa ba ya cin irin wannan ƙwallo.

Dole in taɓo maganar asiri, don duk wanda ya kusanci ƙwallonmu ya san da ita. Ana binne abu a bakin raga, ana ƙin shiga ta ƙofar fili, ana tsallake katanga, ana yayyafa ruwa a layi. Ƙungiyar da ke kukan ba ta da kuɗin mota sai ka ji ta samu na wannan. In ka dubi abin da idon basira, me ake saye? Kwanciyar hankali ake nema wa 'yan wasa, a sa su ji cewa an gama musu aiki. Illarsa ita ce kwanciyar hankalin tana rataye a wajen jikin ɗan wasa. Ranar da aka zura musu ƙwallo tun farko, sai zuciya ta ce ai na wancan ɓangaren ya fi ƙarfi, gwiwa ta sage, a sallama wasa saura minti tamanin. Wanda natsuwarsa ta fito daga abin da ya maimaita sau dubu, ya kuma yi addu'arsa ya dogara ga Allah, ba shi da abin da za a karya masa a bakin ƙofa. Haka nan masu haɗiyar taramol don su samu ƙarfin zuciya, annobar da Tamale ta sani sarai. Ban da lalata rayuwa, tun farkon 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Yaron da ya saba da shi a filin unguwa ya rufe wa kansa ƙofar waje tun bai isa gare ta ba.

Sai dai kada a ɗauki maganata a mayar da ita sanda a doki 'yan wasa. Na san shugabannin da za su ji daɗin a ce komai a zuciya yake, don su huta da biyan albashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan wasan da mai gida ya ba shi wa'adin tashi, matarsa na asibiti, wata uku bai ga albashi ba, ba ka da bakin ce masa ya tattara hankali. Mun ga ƙarshen wannan a Real Tamale United, ƙungiyar da ta reni Abedi Pele. A kakar 2023 zuwa 2024 'yan wasanta suka ƙaurace saboda haƙƙoƙinsu, aka shigar da wasu a madadinsu a wasa da Dreams FC, aka zura musu 8 da 1, ƙungiyar kuma ta faɗi daga gasar firimiya. Ga filin wasa na Aliu Mahama da aka gina don kofin Afirka na 2008, mai ɗaukar mutum wajen dubu ashirin, ga gari mai haifar 'yan wasa kamar ba gobe, amma babbar ƙungiyarsa ta kasa riƙe yaranta. A nan ina ganin ɗaya daga cikin dalilan nasarar UDS, ko da ba shi kaɗai ba: ɗalibi yana da wurin kwana, yana da aji da zai koma, yana da takardar da yake nema. In ya ɓarar da fenareti, rayuwarsa ba ta ƙare ba. Wanda duk duniyarsa ke rataye a kan bugu ɗaya, ƙafarsa ta fi saurin rawa. Iyayen da ke ganin karatu da ƙwallo kishiyoyi ne su dubi wannan, haka ma yaran da ke barin aji don wani dillali ya yi musu alkawarin Turai.

Mu 'yan kallo ma muna da namu laifi, kuma ba ƙarami ba ne. Baba Abdul Rahman ɗan garin nan ne, ya buga a Jamus, Chelsea ta saye shi, ya yi jinyar gwiwa mai tsawo bayan raunin da ya ji yana buga wa Ghana a kofin Afirka na 2017, ya dawo ya ci gaba da amsa kiran ƙasa. A Satumban 2023 a Kumasi, a wasa da Afirka ta Tsakiya, 'yan ƙasarsa suka riƙa yi masa ihu a filin gida. Bayan nan ya daɗe bai sa rigar Black Stars ba, alhali yana taka rawa a PAOK ta Girka har suka lashe gasar lig ta ƙasar a 2024. A da in an tashi wasa zagi yakan tsaya a fili. Yanzu yana bin ɗan wasa har kan gadonsa ta waya, musamman daga waɗanda suka sa kuɗi a caca suka yi asara. Yaro ɗan shekara goma sha tara ya kwana yana karanta abin da aka rubuta a kansa da kan mahaifiyarsa a Facebook, gobe a ce ya fito ya natsu. Ba na cewa kada a soki wasa. A soki wasan, a bar mutumin da iyayensa.

Duk da haka garin nan bai daina fitar da masu taurin rai ba. Mukarama Abdulai ta tashi a Tamale a lokacin da yarinya mai buga ƙwallo ke shan surutu, ta je Yurugai a 2018 ta zama wadda ta fi kowa zura ƙwallo a kofin duniya na mata 'yan ƙasa da shekara 17, da ƙwallo bakwai. Abdul Fatawu Issahaku ya fito daga ƙungiyar Steadfast, aka zaɓe shi gwarzon gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Muritaniya a 2021, ya taimaki Leicester ta hau firimiyar Ingila, sai jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Nuwamban 2024 yana buga wa ƙasa. Watannin jinya irin wannan, mutum shi kaɗai a ɗakin motsa jiki yana koyon lanƙwasa ƙafa, babu 'yan kallo babu tafi, jarrabawar hankali ce da ta fi ta fili tsanani, kuma ya dawo ya ci gaba da wasa. Waɗannan sun samo nasu ta hanyar wahala da dacen masu riƙe su. Tambayata ita ce nawa ne irinsu suka ɓace a filin unguwa, ba don ƙafa ta gaza ba, sai don an kashe musu zuciya tun suna sha uku?

Shi ya sa nake ganin bai kamata kofin Dalian ya tsaya a cikin gilashi a ofis ba. Jami'ar da ke Dungu tana da abin da babu wata ƙungiya a Arewa da ke da shi: tana da likitoci, tana da malaman tarbiyya da masu ba da shawara, ga kuma tawagar da ta je ta gani da idonta. An san UDS da tura ɗalibanta ƙauyuka su zauna da jama'a a zango na uku na kowace shekarar karatu, don haka fita wajen katanga ba sabon abu ba ne gare ta. Ina roƙon hukumar jami'ar ta buɗe ƙofa ga masu horar da yaran unguwanni, daga Dungu zuwa Zongo, Aboabo, Sakasaka da Nyohini, ko da sau ɗaya a wata ne, a zauna da su da Dagbanci da Hausa, ba da Turancin lacca ba. A koya musu yadda ake yi wa yaro magana bayan kuskure, da yadda ake shirya atisaye mai matsi, da alamun yaron da damuwa ta yi wa yawa. 'Yan wasan da suka ɗauko kofin su zagaya filayen da suka taso, su gaya wa ƙannensu abin da suka ce wa juna bayan an zura musu ta farko, da abin da koci ya ce musu a hutun rabin lokaci. Yaro zai ji wannan daga bakin yayansa fiye da yadda zai ji daga bakina.

Kai kuma malam koci, da kai uba ko yaya da ke tsayawa a bakin layi da yamma, ba sai ka jira jami'a ba. Gobe in yaronka ya ɓarar, riƙe harshenka na daƙiƙa goma, sannan ka kira sunansa na gaskiya, ka gaya masa inda zai tsaya da wanda zai tsare. Gyaran kuskuren ka bar shi sai an tashi, ku biyu, ba a gaban jama'a ba.